Na juya negatif a kwamfuta, hoto ya fito shuɗi shar: ta ina ake fara gyara?

Ɗan Bagalam

Salamu alaikum, malamai masu sana'ar hoto, barkanku da aiki. Akwai negatif masu launi a hannuna, na ƙaramin fim mai milimita 35, naɗi 12, na aure da suna da hawan salla a nan Maradi, an ɗauke su tsakanin 1994 da 2003. A gefen wasu an rubuta Kodak Gold 200, wasu Fujicolor, wasu Konica. Sikana Epson V600 ce, manhaja kuwa akwai Photoshop akwai GIMP. In na ɗauki negatif na danna Ctrl+I don juya launi sai shuɗi ya rufe hoton kamar an tsoma shi a rijiyar marina. In na rage shuɗin, fuskoki su yi tsanwa-tsanwa, farar shadda ta koma ruwan hoda. In kuma na bar sikana ta juya da kanta, kowane hoto da nasa launi, ko da a zaure guda aka ɗauke su. A JPEG nake ajiyewa. Don Allah a nuna mini tsarin, daga farko.

Malam na Mokoyo

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shuɗin nan ba lalacewa ba ce. Ɗaga negatif ɗin ga haske ka duba: har inda babu hoto, wato tsakanin hoto da hoto da wajen hujojin gefe, ruwan goro ne. Kishiyar ruwan goro kuwa shuɗi ce mai ɗan tsanwa. Da ka juya komai, shi ma ya juye ya hau kan hoton duka.

Kuma da gangan aka sa shi. Fim mai launi falle uku ne, kowane da rininsa: rawaya, majenta, siyan, irin sunayen tawadar firinta. Aikin majenta shi ne tare hasken tsanwa kaɗai, amma tana taɓa shuɗi. Aikin siyan tare ja, amma tana ɗan cin tsanwa da shuɗi. Don toshe wannan ɓaraka, tun ƙarshen shekarun 1940 Kodak ta sa sinadaran da ke haifar da rinin su zo da launin kansu, rawaya a fallen majenta, ja-ja a fallen siyan. Inda rini ya fito, launin sinadarin ya ragu. Inda bai fito ba, ya zauna. In aka haɗa biyun sai kuskuren ya zama iri ɗaya a ko'ina a fuskar fim, a iya cire shi a tashi guda. Takardar wankin hoto an yi ta ne da sanin haka. Kwamfuta ba ta sani ba sai ka gaya mata.

Amma kafin gyara, sake ɗaukar su a sikana, don JPEG shi ne rabin matsalarka. JPEG bit 8 ne, mataki 256 ga kowane launi. A ce ka auna wurin da babu hoto ya ba ka ja 205, tsanwa 140, shuɗi 95. Ke nan duk abin da ke cikin sashen shuɗi ya matsu ƙasa da 95, kuma hoton ma bai cika wannan ba, don negatif ba shi da kaifin bambanci tsakanin haske da duhu. In ka miƙe ɗan abin nan ya cika 0 zuwa 255, sai sararin sama ya tsattsage layi-layi, kumatu su yi dabbare-dabbare. A bit 16 mataki 65,536 ne, miƙewar ba ta nunawa.

To a manhajar sikana shiga yanayin ƙwararru, ka ce mata fim ɗin fozitif ne ko da yake negatif ne, don kada ta juya maka. Zaɓi bit 48, wato 16 sau uku, ka ajiye a TIFF, nau'in fayil mai riƙe bit 16. Kashe gyaran launi na kai da kai, kashe ƙarin kaifi. Ƙarfin ɗauka na ɗigo 2400 a kowane inci ya isa: hoton milimita 24 da 36 zai ba ka wajen ɗigo 2270 da 3400, fayil mai nauyin mega 46 ko kusa. An rubuta 6400 a jikin kwalin V600, amma madubinta ba ya kai wannan, nauyi kawai za ka tara. Abu mafi muhimmanci: ja akwatin ɗauka ya haɗa da siririn wurin nan da ke tsakanin hoto biyu. Shi ne ma'auninka.

A Photoshop kada ka taɓa ainihin hoton, yi aiki da fallayen gyara, ɗaya bisa ɗaya. Na farko shi ne wanda ake rubuta wa Niveaux a ta Faransanci, Levels a ta Turanci. Kafin ka taɓa komai, mai da faɗin tsinken ɗaukar launi 31 da 31, don in ɗigo guda ya ɗauka ƙwayar fim za ta ruɗe shi. Ɗauki tsinken fari ka taɓa wurin da babu hoto, tun negatif bai juye ba. Ruwan goron zai ɓace, wurin ya yi fari. Ka kula kada ka taɓa cikin huji ko wajen fim, can hasken fitila ne tsantsa, ba zai cire komai ba. Falle na biyu shi ne juyawa. Yanzu wurin da babu hoto ya zama baƙi, yadda ya kamata, hoton kuma zai fito dishi-dishi kamar an lulluɓe shi da hazo. Daidai ne.

Sai ka yanke gefuna, bakin fim da robar da ke riƙe shi su fita, in ba haka ba zanen tuddan haske, wanda ke cikin Niveaux yana nuna yawan duhu da hasken hoton, zai yi maka ƙarya. Ɗora wani fallen Niveaux, ka shiga ja shi kaɗai: jawo alamar hagu zuwa gindin tudu, jawo ta dama zuwa ɗaya gindin. Haka tsanwa, haka shuɗi. Danne Alt lokacin da kake ja, allon zai nuna maka inda ya fara ƙonewa, sai ka ɗan koma baya. A nan ne hoto ke fara kama da hoto.

A GIMP tsarin ɗaya ne, da sharaɗi biyu. Ta zama 2.10 ko sama, don 2.8 ba ta riƙe bit 16. Sannan Ctrl+I a can ba launi yake juyawa ba, zaɓaɓɓen wuri yake juyawa; shiga jerin launuka ka zaɓi juyawa ta farko, ba wadda aka rubuta wa layi-miƙe ba, ita tana wanke hoto ya yi fari fat.

Kowane naɗi ka auna nasa ruwan goron. Na Kodak daban, na Fuji daban, na Konica daban, kai ko fim iri ɗaya ne in wanki ya bambanta ko ajiya ta bambanta, ma'auni ya sauya.

Hajiyar Zariya

Malam ya gama da tushe, Allah ya ƙara sani. Ƙanena, saura abin da ya sa shaddarka ta yi ruwan hoda, da abin da ya sa sikana ke ba kowane hoto launinsa.

Gyaran kai da kai yana ɗauka ne cewa in aka cakuɗa duk launukan da ke hoto za su ba da toka-toka. A hawan salla ga dogarai da jajayen riguna, ga jan rairayi a ƙasa, ga kayan doki. Manhaja ta ga ja ya yi yawa, sai ta zuba siyan don ta kashe shi, fuskoki su mutu. Hoto na gaba wata mai shuɗin lafaya ta cika shi, sai ta zuba rawaya. Shi ya sa zaure ɗaya, launi biyu.

Bayan matakan Malam, yawanci akwai sauran ɗan launi a tsaka-tsaki, kuma alamar tsakiya ta Niveaux ce ke gyara shi, a kowane sashe na ja, tsanwa da shuɗi. Ka haddace kishiyoyin: ƙara ja ko ka rage ya zama siyan, ƙara tsanwa ko ka rage ya zama majenta, ƙara shuɗi ko ka rage ya zama rawaya. Matsi kaɗan ake yi, daga 1.00 zuwa 1.05 ko 0.95, ba a zabga shi. Kuskuren da ka yi na rage shuɗi shi kaɗai shi ne wanda kowa ke yi: abin da ya hau hoton shuɗi ne haɗe da siyan, in ka cire shuɗi ka bar ƙarancin ja, tsanwa ce za ta fito.

Yanzu me za a auna? Kada ka yarda da farar riga. Fararen kayanmu da bula ake ɗauraye su, shadda kuma tana sheƙi tana ɗaukar launin sama. In ka tilasta mata ta zama fari tsantsa, ka ƙara wa hoton rawaya, in kuma jan ƙasa ya haska ta daga ƙasa ka ƙara masa siyan. Nemi abin da babu ruwansa da launi: bulon siminti da ba a shafa wa fenti ba, tayar mota ko ta babur, kwalta, tukunyar dalma a inuwa. Danna F8 ka buɗe allon lambobi, ka ɗora tsinke a kai. In ja da tsanwa da shuɗi sun kusanci juna, bambanci bai wuce 3 ko 4 ba, ka iso. Kuma abin da ka auna ya kasance a haske ɗaya da fuskokin. Inuwar bango a fili shuɗi-shuɗi ce a zahiri, hasken sama ne ke shigarta, kada ka gyara ta har ta zama toka.

Fata ita ce alƙali na ƙarshe. Kowace irin fata, ja ne a sama, tsanwa ta bi, shuɗi a ƙasa. Misali a kuncin baƙin mutum kana iya ganin ja 112, tsanwa 80, shuɗi 63. Lambobin za su hau su sauka gwargwadon haske, amma jerin ba ya juyawa. In shuɗi ya matso kusa da tsanwa fuska ta yi shunayya, in tsanwa ta matso kusa da ja mutum ya yi kamar marar lafiya. A kunci ake aunawa ko gefen wuya, ba a goshi ko karan hanci ba, can maiƙo ne ke mai do da hasken sama ko na filasha. Kuma don Allah kada a haskaka fuska har a canza wa mutane kama. In fuska ta yi duhu kusa da farar riga, ɗaga tsakiyar lanƙwasa, wato layin Curves, kaɗan ka riƙe samanta, rigar ta tsira da zanen ɗinkinta, mutum ya tsira da launinsa.

Wasu launukan ma na wurin ne, ba na fim ba. Fim ɗin nan na hasken rana ne, wajen kelbin 5500 a ma'aunin launin haske. Ƙwan lantarki mai zare yana ba da rawaya, dogon ƙwai yana ba da tsanwa, rumfar biki ta shuɗin tamfol ko ja tana rina duk wanda ke ƙarƙashinta. In haske biyu suka haɗu, misali dogon ƙwai a ɗaki ga rana ta ƙofa, gyara guda ba ya yi. Falle biyu za ka yi, kowane da nasa, ka shafe iyakarsu da buroshi mai laushin baki.

Ɗan Bagalam

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na sake ɗaukar naɗi uku a TIFF, biyu sun fito lafiya. Na ukun, na 1996 ne, ya ƙi: in na daidaita bango mai haske sai inuwa ta yi majenta, in na daidaita inuwa sai bangon ya yi tsanwa. Tayar babur ta ba ni ja 38, tsanwa 30, shuɗi 40. Bangon siminti a rana ja 214, tsanwa 226, shuɗi 213. Kuma duhun hotunan cikin ɗaki cike yake da ɗige-ɗige masu launi.

Ɗan Gulbi

Lambobinka sun faɗi ciwon, ɗan'uwa. Ja da shuɗi suna tafiya tare, tsanwa ce ta yi ƙasa a duhu ta yi sama a haske, wato gangarenta ya fi na sauran tsayi. Launuka sun sarƙe ke nan, kuma alama guda ba ta warware wannan, don duk inda ka matsa ta ka gyara gefe ka ɓata gefe.

Sanadinsa ɗaya ne cikin uku, ko duka. Fim ya kwana cikin zafi ko ya wuce wa'adi kafin a ɗauka. Ko wanki: tsarin C-41, wanda Kodak ta fito da shi a 1972, yana son ruwan farko a digiri 37.8 na minti 3 da daƙiƙa 15, in zafin ya kauce ko maganin ya gaji, fallayen uku ba sa nuna daidai da juna, don na sama ne ke fara shan magani kafin na ƙasa. Ko ajiya: shekaru a cikin akwati ƙarƙashin rufin kwano, da zafin Afrilu da Mayu na garin nan da laimar Agusta, rinin uku ba sa koɗewa da sauri ɗaya.

Magani lanƙwasa ce, wadda ake rubuta wa Courbes ko Curves, Ctrl+M a Photoshop. Buɗe ta, danne Ctrl da Shift ka taɓa tayar, za ta dasa ɗigo a kowane sashe. Yi haka ga bangon. Shiga tsanwa, ɗigon ƙasa ka ɗaga fitarsa daga 30 zuwa 39, na sama ka sauke shi daga 226 zuwa 214. Sannan nemi wani abu mai toka a tsakiya ka duba. In ya kauce, ɗigo na uku. Kada su wuce uku ko huɗu a sashe guda, kuma layin ya tafi sumul ba tare da gwiwa ba. Kibiyoyin allon rubutu suna matsa ɗigo ɗaya-ɗaya, sun fi linzami.

A wuri guda zan ɗan saɓa wa Malam, da girmamawa. Jawo kowane sashe zuwa gindin tudunsa yana nufin ka ce abin da ya fi komai haske a hoton fari ne, abin da ya fi duhu baƙi ne. Sau da yawa haka ne. Amma hoton da aka ɗauka da yamma lis, ko cikin hazon hunturu, ko wanda jan zane ya cika, babu fari na gaskiya a cikinsa. In ka miƙe shi haka ka kashe hasken la'asar, ka mai da hazo rana tsaka. Abin da ya fi: a kowane naɗi zaɓi hoto ɗaya mai kyau, na waje, mai fari da baƙi da fuska, ka gyara shi sosai, sannan ka kwashe fallayensa ka ɗora wa 'yan'uwansa da aka ɗauka a haske iri ɗaya. Bayan haka haske da duhu kawai za ka taɓa. Wannan yana aiki ne kawai in sikana ba ta canza ƙarfin haske daga hoto zuwa hoto ba, shi ya sa kashe kai da kai ya zama dole. A VueScan, wata manhajar sikana, akwai kulle ƙarfin haske da kulle launin gindin fim, don wannan aka yi su.

Tun da naɗi 12 ne, ka gwada manhajar darktable. Kyauta ce, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma tun fitowar 3.2 a 2020 tana da sashe mai suna negadoctor. Shi ba ya juyawa da ragi kamar Ctrl+I, da kaurin rini yake lissafi, yadda fim da takarda ke yi, don haka haske da duhu sun fi zama daidai tun farko. Kashe sauran sassan da ke murɗa haske, ka auna launin gindin fim a wurin da babu hoto, ka auna iyakar kauri a cikin hoton ban da gefuna, sannan akwai gyaran launin inuwa daban da na haske daban, wato ciwon naɗinka na 1996 ke nan. RawTherapee ma tana da irinsa tun 5.7.

Ɗige-ɗigen cikin ɗaki kuwa, ɗaga negatif ɗin za ka ga ya yi shara-shara, haske bai ishe shi ba. Filashar ƙaramar kyamara ba ta wuce mita uku ko huɗu. Sashen shuɗi ne ya fi ƙazanta, don ruwan goro shi ya fi tarewa. Kada ka ɗaga duhun, abin da fim bai gani ba babu shi. Bar shi ya zauna baƙi, ka rage hayaniyar launi kaɗai ka bar ƙwayar fim, in ka goge ta fuskoki su zama roba.

Malam na Mokoyo

Gyaran Ɗan Gulbi daidai ne, na karɓa. Hoto guda a auna, sauran su bi.

Ragowar ƙananan abubuwa ne da ke ɓata babban aiki. Ƙura: a negatif baƙa ce, in an juya ta zama farin ɗigo, kuma da hunturu ba a rabuwa da ita. Hura da robar hura iska, ba da baki ba, ka riƙe fim ta gefe, ka rufe sikana da zane in ba a aiki. Digital ICE na V600 yana gano ƙura da hasken da ido ba ya gani, yana aiki a kan negatif mai launi, amma ba ya yi a kan fim baƙi da fari mai azurfa. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, kada ruwa ya taɓa shi ko kaɗan, don ta riga ta ci fuskar fim, ruwa zai ɗaye hoton. Barasar goge na'ura mai ƙarfin kashi 98 ko sama, a ƙyalle marar gashi, a hankali. Naɗin da ke warin tsami kamar binigar, robarsa ce ta fara ruɓewa. Ware shi daga sauran, kuma shi za ka fara ɗauka.

Allon kwamfuta ma yana ƙarya. Kashe yanayin dare mai sa rawaya, rage hasken allo, kada ka zauna inda rana ke dukansa ko gaban bango mai shuɗin fenti. In ido ya daɗe a kan hoto yana sabawa da kuskure, tashi minti biyar ka dawo. In ido da lambobi suka yi gardama a kan abu mai toka, bi lambobi.

Ƙarin kaifi a ƙarshe ake yi, bayan an rage girman hoto. Na wanki a takarda santimita 10 da 15, ɗigo 1200 da 1800 ya isa. Mai da kwafin zuwa sRGB, wato tsarin launi na gama-gari, bit 8, JPEG, in ba haka ba launi ya dushe a waya da wajen masu wanki, kuma ka ce musu kada injinsu ya sake gyarawa. Ta WhatsApp aika shi a matsayin fayil, ba hoto ba, don kada ta matse shi. Ainihin TIFF ɗin mai ruwan goro kada ka ajiye gyara a kansa. Ba shi suna da shekara da lambar naɗi da lambar da ke gefen fim, kamar 1996-03-14A, ka ajiye shi a wuri biyu.